Matar da ke koya wa kwamfuta kalangu

A layin mahauta na kasuwar Magariya akwai wata mata da ban san sunanta ba. Tana zaune kan benci, mayafi ɗaure a ƙugu, kwamfuta mai tsagaggen gilashi a cinyarta. Kusa da ita wani tsohon makaɗi ne, hannunsa na rawa, ya daina iya riƙe sandar kaɗa kalangu. Abin da ya rage masa shi ne matse gangar a hammata.

Duk matsar da ya yi, ita kuma tana rubuta lamba a wani fishiye, wato fayil na kwamfuta. Kwamfutar tana karanta lambobin layi-layi, tana ɗaga sauti ko ta sauke shi yadda suka ce.

Wani mahauci ya leƙo ya ce, "Malama, ki ɗauko kiɗa a waya ki huta mana. Ƙarfe ba ya kirari."

Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Na waya bai san sunan mahaifinka ba, malam."

Ta gyara lamba uku, ta danna. Sautin ya fito siriri kamar sauro cikin gwangwani, amma hawa da saukarsa na tsohon ne sak. Mahaucin ya tsaya, wuƙa a sama.

Ina zaton 'yar makaɗin ce, wadda aka hana taɓa kalangu tun tana ƙarama don mace ce. To, har yanzu ba ta taɓa shi ba. Amma mahaucin nan taken mahaifinsa yake ji, kuma ita ta kaɗa masa.