Inda Maganar Malam Ta Tsaya

Ban iya rubutu ba. Autata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo min sai ta dakata.

Malam, mijina, bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, sai na katin zaɓe, shi ma ya ɗaure fuska a ciki. Amma daminar shekarar da zai rasu, ma'aikatan wani gidan talabijin suka same shi a gonarsa ta hanyar Udubo, suka tambaye shi kan tsutsar da ke cin masara. Ya dawo gida yana mita, wai sun tsare shi da na'ura ko hular kirki bai sa ba. Na yi ta masa dariya. Ranar da aka nuna shirin babu wuta a unguwarmu a nan Azare, ba mu gani ba.

Bayan girbi ya rasu. Ina cikin takaba autata ta shigo da waya, ta ce, "Inna, shirin Baba yana shafin gidan talabijin ɗin a intanet."

Muka zauna a bakin gado, ta danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar gilashin. Can sai ga hularsa, tsohuwar nan da bakinta ya zare. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ai ita wannan tsutsa, in ka ga..." Sai ya tsaya cak, baki a buɗe, zoben ya dawo kan fuskarsa.

Mun gwada a tsakar gida, mun gwada a ƙofar zaure. Har kan turmi ta hau ta miƙa hannu sama. Kullum a nan yake tsayawa.

Ta ce, "Inna, sabis ɗin unguwar nan ba ya ɗaukar bidiyo. Mu je bakin titi, can ba ya yankewa."

Na ce, "Da takabar?"

"Minti goma ne fa."

"A ce matar Malam ta fito kallon waya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

"Ai shi za ki kalla, Inna."

"Wa zai san haka?"

Na ce ta je ta kwaso min shi cikin wayar. Ta ce shafin ba ya bari a sauke, kallo kawai. Ita ta je ta kalla, ta dawo ido jajur. Ni kuwa na ce zan jira, tunda an ce abin da ke intanet ba ya ɓata.

Na cika wata huɗu da kwana goma. Washegari da hantsi muka tsaya a bakin titi, ta danna. Ko zoben bai fito ba, sai baƙin gilashi da ɗan rubutun Turanci. Muka kai wa mai gyaran waya, ya duba ya ce, "Hajiya, wayar lafiyarta ƙalau. Gidan talabijin ɗin ne suka canza yadda suke nuna shiri, tsofaffin kuma ba su kwaso su ba."

Autata ta faɗa min sauran maganar: in ka ga ganye ya huje, a zuba toka a tsakiyar masarar da sassafe. Na yarda haka ya ce. Amma da muryarta na ji.