Ranar da Na Kai Mama Allura a Ɓoye

Shekarun baya, lokacin da aka kawo allurar rigakafin korona, ni da yayana mun yi wata da watanni ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Abin ya wuce tuntuni, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin.

Ni ina zaune a unguwar Television da mijina. Mahaifiyata kuwa tun rasuwar babanmu tana Makera, a gidan yayana. Makanike ne a Kakuri, mutum mai sanyin hali, da wuya ka ji ya ɗaga murya. Lokacin kulle bai yi gardama da komai ba. Aka ce a sa takunkumi, ya sa. Aka rufe coci, ya yi addu'arsa a falo. Ni ce dai na zama likitar dangi ba tare da na taɓa leƙa ajin likitanci ba. Duk saƙon da ya shigo wayata sai na tura wa kowa. Tafarnuwa da lemun tsami kuwa na ɗura wa mijina har sai da ya ce gara koronar da wannan magani nawa.

Da allura ta zo na je aka yi mini. Ba zan ɓoye muku ba, ina dawowa gida na manna cokali a dantsena in ga ko zai maƙale kamar yadda ake ta faɗa. Ya faɗi ƙasa. Sai na ce to saura Mama, tunda tana fama da suga da hawan jini.

A nan yayana ya koma wani mutum daban. Ya ce muddin tana gidansa ba mai soka mata allura. Na tambaye shi dalili. Na zaci zai kawo irin maganganun da ke yawo, cewa Turawa na so su rage mu, ko alamar ƙarshen duniya ce, don duk na tanadi amsoshinsu. Bai kawo ko ɗaya ba. A'a kawai yake cewa.

Wata Laraba na je na ɗauki Mama, na ce za mu kasuwa duba atamfar zumuntar mata. A cikin keke mai ƙafa uku na gaya mata gaskiya. Ta ce mu je, muka wuce asibiti. Da nas ta gama, har tambaya ta yi wai shi ke nan?

Mun dawo ba da daɗewa ba sai ga yayana ya shigo cin abinci, hannunsa duk baƙin mai. Idonsa ya sauka kan audugar da ke dantsen Mama. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Kada ki sake tako gidan nan." Sannan ya durƙusa gabanta yana taɓa goshinta da bayan hannu, yana tambayarta ko tana ganinsa sosai. 

Mama ta yi ɗan zazzaɓi na yini ɗaya ta warware. Amma matarsa ta gaya mini ta waya cewa ya bar garejin kwana da kwanaki, yana zaune bakin ƙofar ɗakinta. Na kira, bai ɗauka ba. A wani biki a Unguwar Boro ya hango ni ya sauya rumfa.

Da farko fushi nake yi, ina cewa taurin kai ne. Amma yadda ya durƙusa gaban Mama ranar nan ya ƙi fita daga raina. Mai taurin kai ba haka yake yi ba. Na fara bincike kamar 'yar sandan ciki. Abokinsa, wani Ibo mai sayar da kayan mota kusa da garejin, ya ce ko ranar da ƙarfe ya yanke shi a ƙafa ƙin allura ya yi, ƙwaya kawai ya karɓa. Matarsa kuma ta ce rigakafin yaransu ma ba ya hanawa, amma ba ta gaya masa ranar, don in ya sani ba ya iya cin abinci. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ban taɓa lura ba.

Da Mama ta zo mini kwana biyu, muna ɓarar agushi, na tambaye ta abin da ke tsakanin yayana da allura.  Na san akwai yarinyar da aka haifa tsakanina da shi, wadda ta rasu kafin a haife ni. Abin da aka gaya mini kawai shi ne zazzaɓi ya kashe ta. Ranar Mama ta ba ni sauran labarin. Babanmu yana aiki a masaƙa, ita kuma tana kwance da laulayin cikina, ba ta iya tashi. Yarinyar ta kwana da zazzaɓi, sai Mama ta goya wa yayana ita, lokacin yana firamare, ta ce ya kai ta wurin wani mai kemis a bayan layi. Mutumin ba likita ba ne, amma duk unguwa wurinsa ake zuwa. Ya yi mata allura. Kafin yayana ya iso gida da ita ta cika a bayansa.

Na tambayi Mama ko an zarge shi. Ta ce ko kusa. Na ce to an taɓa zama da shi an yi maganar? Ta ce, "Yaro ne. Mun ɗauka zai manta."

Washegari na tafi garejin. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsuguna na ce, "Yaya, Mama ta gaya mini." Ƙarar sifana ta tsaya. Ya jima bai fito ba. Daga can ƙasan ya ce, "Ni na riƙe mata hannu don kada ta motsa. Na ce mata ba zafi." Can kuma ya ce, "Na ji lokacin da ta yi nauyi."

Sai na zauna a ƙasa cikin baƙin man nan da zanena mai kyau. Da ya fito ya aika aka sayo mana lemo. Muka sha, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Har yau bai yi allurar ba, ni kuma har yau ina ganin daidai ne da aka yi wa Mama. A kan wannan ba mu shirya ba, kuma mun daina gwadawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, watanni na yi ina shirya hujjoji a kan korona, alhali shi ba da korona yake faɗa ba. Yanzu in na zauna cikin dangi nakan dubi fuskokinsu ina tunanin me kuma ban sani ba.

Kafin in bar garejin ranar, ya gaya mini sunan da yake kiran yarinyar da shi. Ya ce tun da aka binne ta bai sake furta shi ba. Ya faɗa sau ɗaya a hankali, sannan ya sake faɗa.