Gandun da Aka Kasa Rabawa

Idan na ji masana a rediyo suna fama da bayanin bambancin masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi, dariya nake yi. Ni a gidanmu na yi wannan karatu, wajen babana da ƙanensa Baffa.

Ƙauyenmu yana can bayan Gangara. Gandu ɗaya muke nomawa gaba ɗayanmu, gero a tudu, dawa a gangare, hatsin kuma rumbu ɗaya yake shiga. Baba irin mutumin nan ne da in ya tarar da dutse a tsakiyar hanya zai kewaye shi, don a ganinsa wanda ya ajiye shi yana da dalili. Baffa kuwa sai ya ture dutsen, sannan ya shiga neman wanda ya ajiye shi ya zo ya yi bayani. Ina son su duka biyun, ko da yake Baffa ya fi daɗin hira.

Shekarar da na yi aure abin ya fashe. A al'adar garinmu, kowace damina akan yi wa maigari gayya, magidanta su fito da galmarsu su nome masa gona. Da aka yi shela, sai Baffa ya dubi Baba.

"Yaya, ni hwa bana ba ni zuwa," in ji shi. "Don mi za ni barin haki cikin gonarmu in tai in nome ta wani? Shi bai da hannu? In gayya anka so, ga tsohuwa can ba ta da kowa."

Baba ya ce, "Rumbun nan na maigari, baƙo ka ci, matahiyi ka ci. Haka munka iske iyayenmu na yi. In kowa ya bi son rainai, wa ka riƙe gari?"

Ranar gayya na bi Baba gonar maigari. Baffa ya saɓi galmarsa, ya ratsa ta gaban jama'a yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya gan shi da kyau, ya wuce gonar tsohuwar. Baba bai ɗago kai ba har aka tashi. Da muka koma gida ya ce tunda ƙanensa ya kunyata shi a bainar jama'a, da an girbe amfanin bana a raba gandu. Baffa ya ce a raba ɗin.

Raba gandu ba raba ƙasa ba ne kaɗai. Rumbu zai rabu, tukunya ta rabu, a ja danga a tsakar gidan da na tashi a ciki. Duk daminar nan ban ji daɗin noma ba.

Kaka ta yi, aka zauna maganar rabo. Baba ya ce a kira maigari ya tsaya a fitar da iyaka a dasa gamba, kamar yadda aka saba.

"Maigari ba shi taka gonar ga," in ji Baffa. "A tara maƙwabta a yi ƙuri'a."

"Ƙuri'a? Bisa ƙasar ubana?"

Nan aka tsaya. Suka yi ta jayayya duk rani, wannan ya ja, wancan ya ja, har ruwan shuka ya sauka. Shuka kuwa ba ta jiran kowa, sai muka fita gaba ɗaya muka shuka gandun yadda yake. Kaka ta zagayo, aka sake ɗauko maganar, aka sake cijewa a wuri guda. Haka suka yi ta yi har furfura ta cinye musu kai. Baba na zuwa gayya, Baffa ba ya zuwa, kowa na kiran ɗan'uwansa mai taurin kai, rumbu kuwa ɗaya. Har yau ban sani ba ko da gangan suka yi.

Baffa ya riga rasuwa, Baba ya bi shi ba da daɗewa ba. Mu 'ya'yansu mun watsu, wasu garin Isa, wasu Sakkwato, tun da zaman ƙauye ya yi wuya. Bara muka haɗu don rabon gado. Babu mai ra'ayin komai a cikinmu, kowa na sauri ya samu babur ɗin komawa. Aka ja igiya, aka kafa turaku. Ina tsaye a bakin gona ina jiran wani ya ce bai yarda ba, amma babu wanda ya ce uffan. Kafin rana ta yi zafi mun gama.