Kwana Uku Wayata a Hannun Mai Makaranta

Shekarata ta biyar ina koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, ta kuɗi a unguwar Zango, nan Zinder, wani ya ɗauki hoton bayan gidan yara, ya watsa a gurup ɗin iyaye. Hoton bai yi ƙarya ba, mu ma da toshe hanci muke wucewa wurin. Washegari mai makarantar, wanda muke kira fondater, ya tara mu malamai a biro, wato ofishinsa.

"Maciyin amana yana cikinku," in ji shi. "Kowa ya aje wayarsa a kan tebur, ya rubuta kod ɗin buɗe ta. Wanda ya ƙi, ga ƙofa."

Malamin lissafi ya ce, "Alhaji, wannan ba ya cikin kwantaraginmu." Ya ɗauki jakarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Ni kuwa na rubuta. Na ce a raina ai ban ɗauki hoton kowa ba, me zan ji tsoro?

Sai da na hau kabu-kabu zan koma gida na tuna da saƙonnin muryar da nake aika wa yayata a Durum. Shekara bakwai da aurena ba haihuwa, dangin miji suna ta yi mini habaici. Da muka je likita, aka ce matsalar daga maigidana ce. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, na rantse. Amma da abin ya cika mini ciki na faɗa wa yayata, ina kuka, ita kaɗai. Ban goge saƙonnin ba.

Wayar ta kwana uku a hannunsa. Da ya mayar mini ya ce, "Malama, ba ke ba ce. Je ki aji."

Ba a yi mako ba sakatariyar makaranta ta tare ni a bakin pampo, ta rage murya. "Allah ya ba maigida lafiya. Akwai wani mai magani a Gafati, an ce ya iya irin wannan."

Na cika butata, na koma aji.

Zinder ba ta da girma in magana ta tashi. Ta isa fadar da maigidana yake zaman shan shayi da abokansa, wani abokinsa ya sako ta cikin raha. Da ya shigo gida bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke kaɗai na roƙa." Na yi ta bayanin waya da kod da fondater. Ya saurara har na gama, ya ce, "Da ba ki faɗa ba, me zai ji?"

Bai sake ni ba. Ya daina zuwa fada, ya canja masallaci, kuma tun lokacin ba mu ci a kwano ɗaya ba.

Daga baya aka gane mahaifiyar wata ɗaliba ce ta ɗauki hoton. Na je biro na ce, "Alhaji, abin da ka ji a wayata ya fita gari."

Ko kai bai ɗaga ba. "Ni na ce ki aje sirrin gidanki a waya?"

Har yau a can nake koyarwa, don aiki wuya gare shi a garin nan. Kullum da safe sai na gaishe shi, ya amsa, wani lokaci har ya tambayi mutanen gida.