Kai Goma Sha Biyu na Baba Jaji

A Aujara, duk wanda gafiya ta huda wa rumbu, Baba Jaji yake nema. Manomi ne na gero da wake, da 'yan awakinsa uku a bayan gida, amma tun yana saurayi Allah ya ba shi sanin ramin gafiya. Sai ya duƙa ya shinshina bakin rami, ya gaya maka tana ciki ko ta yi ƙaura. Mutane su ci moriyarsa, in ya ba da baya su toshe hanci. Halinmu ke nan.

Wajen 1998 wani ɗan Dutse, Misbahu, ya zo nemansa. Digirin dakta yake yi a jami'a, a kan ƙwaƙwalwa da yadda take juya halin dabba. So yake ya gano yadda gafiya take tuna inda ta ɓoye hatsinta. Wata gidauniya a Turai ta ba shi tallafin shekara uku, har da horon wata shida a can, da sharaɗin ya gama a kan lokaci. Yakan saki gafiya a akwati mai lunguna ya ga yadda take koyon hanya, daga baya ya duba ƙwaƙwalwarta. Jaji ne mai kamo masa su da rai. Ba wanda ya sani sai matarsa Kubura da malamin firamaren da yake karanta masa wasiƙu, don Jaji yana kunyar a ce da gafiya yake ci da gidansa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, jita-jitar masu yankan kai ta cika ƙauyuka. Yau a ce an tsinci gawa a hanyar Kiyawa, gobe a ce Garki ne, ba kuwa wanda ya gani da idonsa. Ana cikin haka wani direba ya kawo wa Jaji wasiƙa ranar kasuwa, malamin kuma ya tafi Dutse. Sai Jaji ya kai wa Gwadabe mai shago a bakin tasha.

"Baba, yaushe ka fara budurwa a birni?" in ji Gwadabe. Gwadabe kuwa ba ya iya karatu a zuci. Ya ɗaga murya: "Baba Jaji, a samo mani kai goma sha biyu, manya, masu lafiya. Ƙwaƙwalwarsu nake buƙata kafin ƙarshen wata, Turawan sun matsa mani."

Dariyar da ake yi ta ɗauke. Misbahu ne ya rubuto, mai ilimin dakta, amma ya yi rowar kalma ɗaya, bai rubuta gafiya ba.

"Kan me, Baba?" Gwadabe ya tambaya, yana ja da baya.

Jaji ya buɗe baki. Da ƙyar ya ce, "Gafiya ce."

"Gafiya ake ƙirgawa da kai? Saniya ce?" wani ya faɗa daga baya. "Bature zai aiko kuɗi daga Turai don ɓera?"

Kafin ya haɗiye yawu an kewaye shi. Mutanen da ya tsare wa hatsi shekara talatin, su ne da sanduna. Wani ya riƙe masa wuyan riga, wani yana cewa a kawo taya. Ya ji ƙanshin fetur, bai san ko na masu sayarwa a kwalba ba ne ko an riga an buɗe masa.  Yana ta kalmar shahada, yana duban fuskoki ko zai ga wadda za ta ce ta san shi. Duk sun san shi. 

Wasu dattawa suka ce ai yanzu zamanin shari'a ne, a kai shi ƙofar dagaci a nemi hujja. A ƙasa aka ja shi.

Labari ya iske Kubura tana surfe. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta zazzage kwallar da take ajiye takardu, ta ratsa maza ta watsa wa Gwadabe wasiƙu bakwai a ƙirji.

"Tunda Allah ya ba ka murya, karanta waɗannan ma. Da ƙarfi."

Gwadabe ya karanta. Ta farko ta ce gafiya, ta biyu ta ce gafiya, ta huɗu har da zanen keji. Dagaci ya ce kowa ya watse. Suka watse kamar ba su ba, ko sannu babu.

Bayan kwana uku Misbahu ya zo a kan babur, ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ya ce saura wata biyar tallafin ya ƙare, in babu gafiya aikin shekara uku ya tashi a banza.

"Ɗan nan, ban riƙe ka ba," in ji Jaji. Har lokacin ba ya iya ɗaga hannunsa na dama. "Amma na daina. Ɗauki kejinka."

Bai ƙara duƙawa bakin rami ba, ko don Misbahu ko don mutanen gari. Da damina ta faɗi, rumbun Gwadabe na cikin waɗanda aka huda. Ya aiko sau biyu. Kubura ta ce a gaya masa maigidan ba ya nan, alhali yana zaune a tsakar gida yana gyaran fartanya.