Dasashin Karen Baba

Karen da ke gadin albasar Baba a fadamar Argungu bai taɓa shiga gidanmu ba. Iyakarsa ƙofar zaure. A ƙasa Baba yake jefa masa tuwo, in ya matso ya kore shi da sanda. Amma ranar da ya daina cin abinci, kaska ta cika masa kunnuwa, ni Baba ya kira daga Birnin Kebbi.

Na sha wuya kafin na sami mai keke napep da zai ɗauke mu, ni da karen, zuwa Birnin Kebbi. Likitar dabbobi, wata mutuniyar Filato da ke zaune kusa da ni a unguwar Badariya, ta ɗiga jininsa a wata 'yar farar roba. Layi ɗaya lafiya, biyu kuwa ya haɗu da ciwon kaska. Biyu suka fito. Ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashi fari fat, ta ba mu magani.

Da maganin ya ƙare ya soma cin tuwo, amma ni da shegen rashin haƙuri sai da na sa aka sake gwaji. Layi biyu kuma! Kuma bakina bai iya shiru ba, na gaya wa yayana, mai shanu a bayan gida.

"Karen ga bai kwana nan," in ji shi. "Shina sa ma shanuna cuta. Masu sayen karnuka na tahowa ran kasuwa, su tai da shi."

Kowa ya san inda motarsu take kai kare. Na kasa zama, na kasa cin abinci. Ina ofis ina juya robar nan a aljihu, in fito da ita in duba ko layin ya dushe. Haushin kaina ya ishe ni.

Ana gobe kasuwa na je na buga wa likitar ƙofa. Ta yi mini dariya. Ta ce layin nan alamar jiki ya yi faɗa da ciwon ne, yakan daɗe a jini bayan an warke. In ina son gaskiya, a duba dasashinsa: fari ciwo, ja lafiya. Shanu kuma a yi musu maganin kaska.

Da safe na isa Argungu, na iske motar a bakin layinmu, yayana riƙe da igiyar karen. Na faɗi abin da likitar ta ce, ina haki.

"To wa ka taɓa bakin kare?" in ji shi. Ni ma, gaskiya, hannuna na baya.

Baba ya jingine sandarsa, ya tsuguna da ƙyar. Karen da kansa ya tsorata, don bai san hannun nan ba. Baba ya kama haɓarsa, ya ɗaga leɓen da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Ja na," ya ce ma yayana. "Kwance mai igiyag ga. Kai kuma kawo min buta."