Kwalbar Shaida ta Dakta Sa'adatu

Ranar kasuwar Kibiya ce, da hantsi, ina tsaye a tasha da kular jini a hannu ina jiran Alhaji Tanko, direban da ya saba kai mana saƙo Kano. Da ya iso bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Malam Isiyaku, mayar da kular nan. Wadda za a kai wa, Allah Ya yi mata rasuwa da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi benci na zauna.

Dakta Sa'adatu 'yar Kahu ce, malamar jami'a, masaniyar ƙwayoyin cuta. Ni kuwa ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a ƙaramin asibitinmu, kuma abin kirkin da na sani a aikin nan a hannunta na koya. Shekarunta na ƙarshe kan abu guda ta ƙarar da su: yadda za a gano ƙwayar ciwon hanta a ƙauye, ba sai jini ya je gaban babbar na'ura a birni ba.

Ba na manta ranar da ta ciro wata 'yar kwalba mai ruwa ja kamar zoɓo, ta ce zinare ne. Na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, zinare ja?" Ta ce an mayar da shi mitsi-mitsi ne, ƙanƙantar da ko madubin likita na ɗakinmu ba ya gani. A jikin kowane an ɗaura ɗan zare da aka tsara daidai da rubutun halittar ƙwayar cutar. In zaren ya haɗu da irinsa sai ya cafke, zinaren ya dunƙule, ruwan ya koma shuɗi. Ta ɗiga jini mai cutar, ina kallo ja ya juye a gaban idona. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ta ce, "Ba mu muka rubuta ba, Malam Isiyaku. Allah Ya rubuta, mu karatu muke koyo."

Tana da doka ɗaya: ba a gwajin kowa sai da kwalaben shaida biyu. Ɗaya mai jini lafiyayye, dole ta zauna ja. Ɗaya mai jinin da aka tabbatar yana da cutar, dole ta koma shuɗi. Ta biyun ita take kawo mana daga Kano, da rubutun hannunta a jiki, "Shaida".

Ni na karya dokar nan, kuma a kan ƙanena Sani. Saura mako guda a ɗaura aurensa da Hindatu 'yar Unguwar Gai, waliyyai suna jiran takardar gwaji. Tsinken gwajin da muka saba aiki da shi ya ƙare, sai na ɗauko kayan Dakta, na gwada ba shaida. Ruwa ya zauna ja, na rubuta lafiya lau, na sa takardar a aljihu ina murna. Ran nan ta zo, ta ce, "Ina shaidunka?" Na ce ban yi da su ba. Ta ɗiga shaidar mai cutar da kanta, ita ma ta zauna ja. Ashe kwana biyun da firij ya yi babu wuta sun kashe kayan. Ta buɗe sababbi, jinin Sani ya koma shuɗi.

Na ce, "Hajiya, ƙanena ne fa." Ta dube ni ta ce, "Kwalba ba ta san ƙanen kowa ba. Ita yarinyar ba ƙanwar wani ba ce?" Kunya ta rufe ni, na yage takardar. Da Kano ta tabbatar da sakamakon, kuma Sani ya amince, Dakta da ƙafarta ta je Unguwar Gai ta zauna da iyayen. Aka ɗaga biki har Hindatu ta gama allurar riga-kafi. Yau suna da 'ya, an yi mata allurar ranar da aka haife ta, uwa da 'ya duk jininsu fes.

Da ciwo ya kwantar da ita, zuwana na ƙarshe dubiya, na tarar idanunta sun yi ɗorawa, ta rame ƙwarai. Ta ce, "Shaida ta kusa ƙarewa, ku fara neman wata." Na ce, "Wai ni jinin wa ne, Hajiya?" Ta yi murmushi, ta ɗage hannun rigarta, sai ga tabon allura jere a gwiwar hannu. Ta ce, "Tun ina yarinya nake ɗauke da cutar. A Kahu lokacin babu mai gwadawa." Shekara da shekaru ina riƙe jininta a hannuna ban sani ba. Na yi kuka a gabanta, ta ce in bari, aiki ne.

Kwalba ɗaya ta rage a firijinmu, har yau na kasa buɗe ta.

Allah Ya jiƙan Dakta Sa'adatu, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ciwon da ta ɗauka ya zama kaffara. Allah Ya ba maigidanta da 'ya'yanta da 'yan'uwanta na Kahu haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayanta. Jinin nan da ya tsaya wa bayin Allah shaida a duniya, Allah Ya sa ya tsaya mata ranar gobe. Amin.